Shak a Tafkin Surko

A kaf yankin Surko babu wanda ya taɓa ganin teku sai Malam Badaru, kuma bai taɓa barin kowa ya manta ba. Shekara ashirin ke nan da ya yi rakiyar motar albasa zuwa Ikko. Yana kwance a kan buhuna motar ta hau wata doguwar gada, ya ɗaga kai ya hango ruwa iya ganinsa, jiri ya ɗebe shi, ya mayar da kai ya runtse ido. Iyakar ganin ke nan. Amma kafin ya iso gida ganin ya zama wanka, bayan shekara biyar wankan ya zama iyo, yanzu kuwa in ka same shi a teburin mai shayi zai rantse maka cewa sau biyu masu jirgin ruwa suna roƙonsa ya zama matuƙinsu, ya ƙi saboda ya baro gero bai girbe ba.

Saboda haka ranar da takarda ta zo wa Mai unguwa cewa wata ƙungiya mai kula da muhalli tana so kowane ƙauye mai tafki ya turo mutum ɗaya taro a Birnin Kudu, ko shawara ba a yi ba. Maganar ruwa ce, ga masanin ruwa a gida. Badaru ya zura babbar rigarsa ya hau acaɓa.

A bakin ɗakin taron ya yi kiciɓis da Maikano, ƙanin matarsa Turai, wanda mutanen Dingaya ta ƙasar Gwaram suka turo. Ƙanin mata abokin wasa ne, kowa ya sani, amma wasan Maikano da zafi yake. Ba shi da surutu. Sai ya bari ka gama zuba, sannan ya jefo maka kalma guda ta hana ka cin tuwo.

"A'a, Yaya Badaru! Kai ma an turo ka? To wa ka bar wa gadin tekun?"

"Ji min yaro," in ji Badaru. "Kai da ko a kwatarniya aka saka ka sai an yi ceto, me ya kawo ka taron ruwa?"

Wadda ta kira taron, Malama Munawwara, ba ta ɓata lokaci ba. Ta ce ƙungiyarsu za ta zaɓi tafki ɗaya tak a tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, wanda ke da halittar da ke bukatar kariya. Za a kewaye shi da waya, a kafa allo, a ɗauki wakilin ƙauyen ya zama mai gadi, a ba shi kaki da hula da takalmi da sabon babur. Nan da mako biyu za ta zagaya ta gani da idonta.

Tun daga kan "kaki" Badaru ya bar ɗakin, gangar jikinsa kawai aka bari a kan benci. Ya hango kansa yana shiga Dingaya gaisuwar surukai, hula a karkace, babur na ruri, Maikano na tsalle gefen hanya yana ba shi wuri. A ransa ya sha alwashin in dai yana numfashi, wannan kaki ba zai shiga wuyan kowa ba sai nasa.

Malama ta rataye wata kalanda mai hoton halitta biyu. A dama wani ƙaton kifi ne, baki cike da haƙora, an zagaye shi da jan layi. A hagu burduddugi ne, ƙaton kwaɗon nan na tafki, an zagaye shi da kore.

"Wannan sunansa shak," in ji ta.

Badaru ya miƙe zumbur. "Na san shi! Malama, ai mun sha haɗuwa."

"Madalla, Baba, zauna." Ta ci gaba. "Kifi ne, amma babu ƙashi a jikinsa, duk guringuntsi ne. Yawancinsu a ruwan gishiri suke rayuwa. Ba ya haihuwa da yawa, ga jinkirin girma, ga masu kamu sun matsa masa, shi ya sa ire-irensa da dama suka shiga jan layi, wato ana tsoron su ƙare. Shi kuwa wannan na hagu ba kifi ba ne, ko da yake a ruwa ake ƙyanƙyashe shi. Da wutsiya yake farawa, ya yi ƙafafu, ya hau tudu. Ƙwai yake zubawa ba adadi, don haka a lissafin duniya yana cikin kore, ba a fargabar ƙarewarsa. Amma fa a nan yankin namu..."

Abin da ya biyo bayan wannan "amma", Maikano ya ji, kowa ya ji, ban da mutum ɗaya. A lokacin Badaru ya juya yana nuna wa na bayansa wani tabo a ƙwaurinsa, yana cewa nan haƙorin shak ya goge shi. Tabon kuwa na salansar babur ne.

A hanyar komawa ya baje kalandar da aka raba musu a gadon bayan ɗan acaɓa, ya yi lissafinsa ya gama. Ja ake karewa, kore ba a damu da shi ba. Tafkin Surko babu komai a cikinsa sai kwaɗi, masu yawan da in suka soma kuka da magariba sai liman ya ɗaga murya. Na Dingaya ma kwaɗin ne. Ke nan duk wanda ya samo ja, shi ya ci kaki.

"Turai," ya ce da matarsa tun bai cire takalmi ba, "akwai shak a tafkinmu."

Ta kalli hoton, ta kalle shi. "Tun yaushe?"

"Tun ambaliyar bara."

"Barar da kullum nake wanki a can? Bai taɓa leƙowa mun gaisa ba."

"Kunya gare shi. Ba ya fitowa gaban mata."

"To Allah ya sa ka koya a wurinsa," ta ce, ta ci gaba da tankaɗenta.

Washegari bayan la'asar ya manna kalandar a bangon ƙofar Mai unguwa, ya tara jama'a. Ya ce gwamnati da turawa suna neman wannan kifi ruwa a jallo, kuma shi da idonsa ya ga bayansa a tafki. Wani tsohon malamin firamare ya ce shi dai a saninsa, ruwan gishiri wannan kifi yake sha. Badaru ya ce ya san da haka tun ba a gina firamaren ba. Ya shiga gida ya kwashe gishirin Turai kaf, mudu guda da rabi, ya je ya barbaɗa a bakin tafki. Ranar miyar kuka lami aka sha a gidan. Turai ta zuba masa, ta ja kujera ta zauna tana kallonsa har ya cinye.

Mai unguwa ne ya kawo tambayar da ta tayar masa da hankali. "Malam Badaru, ni abin da ya ɗaure min kai, dabba mai waɗannan haƙora tana kwance a tafki shekara guda, kwaɗi kuma suna ta biki a kanta? Ai da tuni ta cinye su."

"Ranka ya daɗe, ta fara. A hankali take ci, ba ta da haɗama. Ka saurara nan da kwana uku."

To, akwai wasu masu kamun burduddugi da ke zuwa duk damina, babbansu wani Abdulsalami. Su kama, su soke a tsinke, su yi banda, su yi lodi zuwa kudu inda ake cinsa. Tun zamanin mahaifin Mai unguwa buhu biyu ake yarje musu a shekara, babu ƙari. Badaru ya same su a bukkarsu can bayan gonakin shinkafa, ya haɗe fuska, ya ce umarni ne daga sama: a share tafkin nan, kada a bar ko mai koyon tsalle.

Abdulsalami ya sosa ƙeya. "Malam, duka fa? To baɗi me za mu kama?"

"Kai dai yi abin da aka ce. Baɗi ba a maganar ƙananan dabbobi a garin nan."

Da yake ba da rana suke aikinsu ba, babu wanda ya lura. Kwana uku, buhu goma sha ɗaya suka ɗaure. A rana ta huɗu liman ya ja sallar magariba da muryarsa ta zance, har na sahun baya suka ji kowane harafi. Tafki ya yi tsit. Aka fito masallaci ana kallon juna. Mai unguwa ya kama hannun Badaru ya ce, "Malam, mun yi maka mummunan zato, ka yafe mu." Badaru ya yafe, har da cewa shi ma ɗan Adam ne.

Daga nan gari ya rikice. Mata suka daina wanki a tafki. Makiyaya suka juya shanunsu zuwa wani rafi mai nisa, suna tafe suna tsine wa kifin Ikko. Layin famfon burtsatse ya kai har bakin kasuwa. Wata tsohuwa ta rantse kifin ya bi ta har gona, wani kuma ya ce akuyarsa da ta ɓata tun watan azumi yau ya gane inda ta shiga. Saifullahi maharbi ya ɗura wa bindigar tokarsa albarushi, ya ce shi fa ko gwamnati ce ta haifi kifin nan, in ya matso kusa da mutum sai ya ɗirka masa. Turai kuwa, da yanzu sai ta yi tafiyar rabin awa da jarka a ka, duk ta sauke sai ta ce, "Sannu da hutawa, uban shak."

Saura abu ɗaya, kuma shi ne babba: Malama ta ce da idonta za ta gani. Badaru ya zauna ya yi nazarin hoton, ya gano cewa ashe shak ba ya nuna wa mutane komai sai fiffiken nan mai tsini da ke bayansa. Wannan ai mai sauƙi ne. Ya ɓalle fallen kwano guda daga rumfar awakin Turai, ya yanke shi kusurwa uku, ya shafe da baƙin fenti, ya kafe a bayan wani goran masunta, ya ɗaure dutse a ƙasa. Da yake yanzu ko tsuntsu tunani yake kafin ya sauka tafkin, babu wanda ya gan shi yana gwaji. Gwajin farko gora ya kife, shak ya nuna ciki. Na biyu dutse ya yi nauyi, shak ya nutse, sai da Badaru ya shiga ruwa iya wuya yana lalube da ƙafa yana salati, domin mutumin Ikko ko iyon kare bai iya ba. A na uku fiffike ya tsaya cak a kan ruwa.

Saura mai ja. Ba zai ja da kansa ba, tunda dole ya tsaya kusa da baƙi. Ba kuma zai gaya wa kowa ba, don a Surko ba a iya riƙe magana ba. Sai ya tuna da jakinsa. Jaki in yana kiwo taku ɗaya yake yi, ya tsaya ya ci, ya ƙara ɗaya. Ya ɗaura doguwar igiya daga gora zuwa wuyan jaki, ya binne tsakiyarta cikin ciyawa, ya kai jakin bayan duhuwar sabara da ke gefen tafki. Jaki ya yi taku, fiffike ya matsa a hankali cikin isa da ƙasaita. Shi kansa Badaru da ya ƙera abin sai da tsigar jikinsa ta tashi.

Ranar da aka sa, motar ƙungiya ta iso da hantsi. Malama Munawwara ta fito da littafi a hannu da dogon takalmin roba. Sai ga Maikano ya diro daga baya. Ashe ta Dingaya suka fara, ya roƙi a rage masa hanya ya zo gaida yayarsa. Garin kaf ya fito, amma kowa ya tsaya nesa da ruwa, iyaye mata sun riƙe hannun 'ya'yansu tamau.

Badaru ya gyara babbar riga, ya yi gyaran murya. "Malama, sauran ƙauyuka kore za su nuna miki. Mu nan ja gare mu. Duba can."

Baƙin fiffike yana tafe a tsakiyar ruwa, ya matsa, ya tsaya, ya matsa. Mata suka ɗauki salati. Malama ta cire tabarau, ta goge da mayafi, ta mayar.

"Baba, mene ne wancan?"

"Na cikin kalandarki mana."

"A ruwan daɗi?"

"Mun sa gishiri."

"Me yake ci?"

"Abin da ya samu. Ba shi da tsirfa."

Ta bi gefen tafki zuwa inda fiffiken ya dosa, ta tsoma ƙafa ɗaya a ruwa tana leƙe. A daidai lokacin jaki ya hango ciyawa mai kyau a gaba, ya yi taku uku a jere. Fiffike ya yo kan Malama.

"Kauce, Malama!" in ji Saifullahi. Daram!

Shak ya yi ƙara irin ta farantin da ya faɗo daga kan tebur. Jaki kuwa, da bai taɓa jin bindiga kusa haka ba, ya ranta a na kare. Shak ya keta ruwa a guje, ya fito tudu, ya wuce ta gaban Mai unguwa har ya tafi da takalminsa ɗaya, ya faɗa gonar gyaɗa yana tsalle kunya-kunya, gora na ƙara, dutse na bin baya. Jama'a suka watse, wasu suka hau bishiya, tsohuwar nan na ihu tana cewa ai ta faɗa ba a yarda ba. Sai da jakin ya ɓullo fili yana kuka, igiya a wuya, sannan masu gudu suka soma tsayawa ɗaya bayan ɗaya.

Sai Maikano ya ce, a hankali kamar mai neman ilimi, "Malama, wannan a wane gida za ki sa shi? Na ga a ruwa ya fara, ya ƙare a tudu."

Malama ta cije leɓe. "A yadda na koya muku dai, dangin kwaɗo ne."

"Irin na Jigawa ne," in ji Badaru, murya can ƙasa. "Su suna da ƙafa."

"Huɗu," in ji Turai daga cikin mata. "Da dogayen kunnuwa. Kuma rufin awakina ne a bayansa."

Dariyar da aka yi ranar, har makiyaya suka jiyo daga rafi. Wani da ke kan bishiya ya kusa faɗowa. Mai unguwa yana tsaye da takalmi ɗaya, yana so ya yi fushi, dariya ta hana shi.

Da ƙura ta lafa, Malama ta goge hawayen dariya ta ce, "Baba, da ba ka wahalar da kanka ba. Ni kwaɗi na zo dubawa. Ai na faɗa a taro: kore ne a lissafin duniya, amma a nan yankin kamu ya yi masa yawa, tafkuna da dama sun yi shiru, ƙwarin da yake ci kuma sun samu sake a gonakin shinkafa. Shi za mu kare. Tun bara aka gaya mana babu tafkin da ya kai na Surko burduddugi, Dingaya ce ta biyu. Zuwa kawai na yi in tabbatar in sa hannu, kakin ma yana cikin mota." Ta juya ta dubi ruwan. "Ina suke?"

Idanu duka suka koma kan mutum ɗaya. Badaru ya dubi motar, ya dubi tafkin, gumi ya karyo masa har cikin hula.

"Malama, ki ba ni minti goma."

Ya tattare babbar riga ya keta gonakin shinkafa da gudu. Kafin minti goma sai ga shi da buhu a ka, Abdulsalami na biye yana ihu a sauke masa kayansa. Badaru ya kwance bakin buhu ya zazzage a gaban Malama. Burduddugai ne, baƙi ƙirin, a soke a tsinke, sai ƙamshin hayaƙi.

"Ga su, ki ƙirga," ya ce yana haki. "Akwai buhu goma a baya. Dingaya ba su kai rabin haka ba."

"Buhu nawa?" in ji Mai unguwa. Dariyarsa ta ɗauke.

"Ranka ya daɗe, shi ya ce umarni ne daga sama," in ji Abdulsalami.

"Wace saman? Ni dai ina nan ƙasa ban ji ba."

Malama ta durƙusa ta ɗauki tsinke ɗaya, ta daɗe tana juya shi. Wannan karon ba ta yi dariya ba, ranta ya ɓaci sosai. "Masu rai nake ƙirgawa, Baba," ta ce, ta rufe littafinta. A gaban Badaru aka buɗe bayan mota, aka ciro kaki a cikin leda, aka miƙa wa Maikano. Badaru ya buɗe baki, karo na farko cikin shekara ashirin babu abin da ya fito.

Hukuncin Mai unguwa gajere ne. Wanda ya kwashe shi zai mayar, kuma kada a ƙara ganin Badaru a teburin mai shayi sai ranar da tafki ya yi kuka. Malama kafin ta tafi ta ce in aka bar ruwan ya huta, na cikin gonaki za su iya dawowa, domin kukan junansu suke bi. Badaru ya riƙe wannan magana, wannan karon ya saurara har ƙarshe.

Tun daga ranar, kullum bayan la'asar sai ya je ya durƙusa a bakin tafki, ya kumbura kumatu, ya soma: "Gwarrr! Gwarrr!" Masu dawowa daga gona su ce, "Sannu da aiki, Malam." Ya ɗaga musu hannu, don bakin ba ya katsuwa. Kwana takwas ko ƙuda bai amsa masa ba, muryarsa ta dushe, gwiwoyinsa suka yi kanta.

A rana ta tara an ɗan yi yayyafi. Ya yi kira na uku ke nan sai ya ji an amsa daga cikin ciyawa, murya mai kauri, ta cikakken burduddugi. Ya ƙara kira, aka ƙara amsawa. Wallahi ƙwalla ce ta cika masa ido, don bai taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba. Ya rarrafa a hankali kada ya firgita baƙon, ya sa hannu ya buɗe ciyawar. Takalmi ya fara gani, sabo fil. Sama da shi wandon kaki, sama da wandon rigar kaki, can ƙoli kuma hula a karkace.

"Sannu, Yaya," in ji Maikano. "Zagayen aiki na fito. Malama ta ce duk tafkin da na ji kuka in rubuta mata."

Ya ciro biro daga aljihun gaba, ya buɗe littafi a kan gwiwa, ya rubuta yana faɗa da ƙarfi:

"Surko, guda ɗaya. Namiji ne, ya manyanta."